Mun yi wa keke waƙa, mun manta da mai ciwon damuwa

Jaririnta na da wata huɗu a duniya lokacin da wata ƙanwata ta turo mini saƙo ta WhatsApp da misalin ƙarfe biyun dare. Babu sallama, babu gaisuwa. Abin da ta rubuta a sama kawai shi ne: "Yaya, duba mini wannan ko yana da ma'ana." A ƙasa kuma baitoci huɗu ne, waɗanda ta yarje mini in kawo su a nan:

Tsintsiyata na jingine tun Laraba,
Ina kallon ta, hannuna bai kai ba.

Tuwon jiya na nan a kwano an rufe,
Ba ƙoshi ba ne, bakina bai so ba.

Waya ta yi ƙara, sunan Inna ne,
Na bar ta ta gaji, ban ɗauka ba.

Maƙwabta sun ce na yi shiru kwana biyu,
Na ce lafiya lau, ban ƙara ba.

Da gari ya waye na karanta su da idon mai gyaran waƙa. Na ga wani ɗango ya fi ɗan'uwansa tsawo, na ga amsa-amon ya yi araha da yawa. Har na fara rubuta mata gyara. Allah Ya sa ban aika ba, domin a ranar na je gaida gwaggonmu, na karanta mata don ta ji 'yarta ta zama mawaƙiya.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta yi shiru, sannan ta ce in maimaita baitin farko. Da na maimaita sai ta ce: "Ɗan nan, ku je ku ɗauko yarinyar nan. Ba son jiki take yi ba. Na san tsintsiyar nan."

Ashe fiye da shekara arba'in da suka wuce, bayan haihuwarta ta biyu, ita ma ta yi watanni tana kallon tsintsiya ta kasa ɗauka. An ce iska ce, aka yi hayaƙi. Wasu suka ce kishi ne ke cin ta. Ba ta taɓa gaya wa kowa yadda abin yake daga ciki ba, sai ranar da ta ji wata ta faɗa a baiti.

Kafin wannan rana kowa ya riga ya yanke wa ƙanwata hukunci. Dangin miji sun ce lalaci ne. Mijin yana ganin raini ne ya shigo. Mu kuma muka ce gajiyar jego ce, za ta wuce. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne irin na bayan haihuwa. Aka ɗora ta a kan magani, aka haɗa ta da mai ba da shawara, Inna ta karɓi rainon yaron na ɗan lokaci. Sannu a hankali ta dawo.

Tun daga lokacin nake tambayar kaina: me ya sa sai da mara lafiya ta rubuta wa kanta waƙa kafin a gane ciwonta? Ina mawaƙanmu suke?

Babu abin da ba mu yi wa waƙa ba

Duk wanda ya san adabin Hausa ya san waƙarmu ba ta ƙyamar ƙananan abubuwa. Malam Aliyu Namangi, makahon mawaƙin Zariya mai Imfiraji, ya yi wa keke waƙa. Na'ibi Sulaiman Wali ya yi wa damina. Mu'azu Haɗeja ya ɗauki giya da karuwanci ya yi musu filla-filla. Alhaji Aƙilu Aliyu ya yi wa masu gurɓata Hausa tatas. A ɓangaren mawaƙan baka, Ɗanmaraya Jos ya tsaya ya dubi karen mota, yaron da kowa ke yi wa tsawa a tasha, ya mayar da shi mutum a kunnen jama'a. Barmani Coge ta shiga tsakar gida ta yi wa mata waƙar sana'a da zaman kishi.

Hukuma ma ta daɗe da sanin ƙarfin waƙa. Da ita aka yi yaƙi da jahilci a shekarun 1950. Da aka koma tuƙi a hannun dama a 1972, da kuma lokacin da naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule a 1973, mawaƙa ne suka kai saƙon ƙauyukan da jarida ba ta zuwa. A zamaninmu an yi wa rigakafin shan inna waƙa, an yi wa gidan sauro, an yi wa wanke hannu lokacin korona.

To amma idan aka zo kan lalurar ƙwaƙwalwa, sai murya ta sauya. Ba kasafai za ka ji waƙar da mara lafiyar ne ke magana a cikinta ba. Abin da aka fi ji iri uku ne. Akwai hauka na zambo, inda mawaƙin siyasa ke kiran abokin hamayyar ubangidansa taɓaɓɓe ko zararre. Akwai hauka na soyayya, gadon labarin Majnunu Laila, inda saurayi ke rantsuwa zai shiga bola idan aka hana shi masoyiyarsa. Sai hauka na wa'azi, inda ake nuna mai yawo da tsumma a matsayin makomar ɗan ƙwaya.

A duk ukun, mara lafiya abin nuni ne. Ana nuna shi da yatsa, ba a ba shi baki. Kai, idan za mu faɗa wa kanmu gaskiya, waƙar da mai taɓin hankali ya fi saba ji a kansa a garuruwanmu ita ce wadda yara ke bin sa da ita a layi suna jifa.

Ba duk mara lafiya ke bakin kasuwa ba

Illar wannan hoto ita ce ya takaita mana ciwon. Mun ɗauka lalurar ƙwaƙwalwa ita ce mutum ya tuɓe ya shiga kasuwa. Duk wanda bai kai nan ba, lafiyarsa ƙalau, sai dai a ce yana da baƙin hali, ko rowa da magana, ko raunin imani.

Alƙaluma ba haka suka nuna ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya, wato kimanin miliyan 970, na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma mafi yawansu ciwon damuwa ne da ciwon fargaba. Ta kuma ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar na shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Ka ƙirga gidajen sunan da ka je a bana, sai ka yi lissafi da kanka.

Waɗannan mutane suna cikin gidajenmu. Suna zuwa aiki, suna sahun sallah, suna amsa gaisuwa da "lafiya lau". Kuma masu duba su ba su da yawa. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa ƙwararrun da ke aiki a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. Asibitoci irin na Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano, da Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, suna karɓar marasa lafiya daga jihohi da dama. Sau da yawa kuma ba a kai mutum can sai abin ya yi nisa, bayan an sayar da akuya da gona wajen neman magani a wasu wurare.

Inda asibiti ya yi nisa, mari ne ke maye gurbinsa. Ba mu manta da watan Satumbar 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa, Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. A watan Nuwamban shekarar, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoton da ya nuna ana ɗaure masu lalurar ƙwaƙwalwa a sassan ƙasar nan, a cibiyoyin gwamnati da na gargajiya da na addini, na Musulmi da na Kirista. Sai a watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 mai tushe tun zamanin Turawan mulkin mallaka.

Doka ta sauya, amma doka ba ta shiga ɗakin uwar miji ta gaya mata cewa surukarta ba ta da lafiya. Wannan aikin wani ne daban, kuma a ƙasar Hausa waƙa ta saba yin irin sa.

Ciwon yana zaune a ƙananan abubuwa

Dalilin da ya sa nake cewa waƙar rayuwar yau da kullum ce ta dace da wannan aiki shi ne, a nan ciwon yake zaune. Likita yana da sunan cuta a littafinsa. Iyali ba su san sunan ba, abin da suke gani shi ne kwanukan da ba a wanke ba.

Ka dubi ɗalibin da ke maimaita alwala sau goma har a idar da sallah, yana kuka don ya san ba daidai ba ne amma ya kasa bari. Ka dubi direban adaidaita sahun da ya gudo daga ƙauyensu bayan harin 'yan bindiga, wanda idan taya ta fashe a titi sai ya tsinci kansa a ƙarƙashin benci jikinsa na rawa. Ka dubi ɗan kasuwar da zai kwana uku bai runtsa ba, yana rabon kayan shagonsa kyauta yana tsara yadda zai sayi jirgi, bayan wata guda kuma ya kasa tashi daga katifa. Ka dubi matashin da ke ƙure ƙarar rediyo, ana ce masa mara kunya, alhali wasu muryoyi yake son ya danne waɗanda shi kaɗai ke jin su.

Akwai kuma masu jinya. Uwar da ke ƙirga ƙwayoyin magani a tafin hannu tana lissafin ko za su kai ƙarshen wata. Uban da ke tashi da asuba ya shiga mota biyu don ranar ganin likita. Matar da ke ɓoye katin asibitin mijinta a ƙasan akwati don kada baƙi su gani. Yayar da aka fasa aurenta saboda an ji labarin ƙanenta.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan waƙa ce da ba a rubuta ba. Idan ka gaya wa dattijuwa cewa 'yarta na da "ciwon damuwa", za ta iya ce maka wa ye ba shi da damuwa a ƙasar nan, ga tsadar abinci ga rashin tsaro. Kalmar ta yi kama da abin da kowa ke ji. Amma idan ka ce mata ga abinci an rufe, ba ƙoshi ba ne, baki ne ya ƙi, ga wayar mahaifiya na ƙara an kasa ɗauka, nan take za ta gane wannan ba damuwar kuɗin cefane ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma waƙa ce hanyar da zai nuna wa na waje daidai wurin.

Waɗanda suka gwada

Wasu al'ummomin sun daɗe da buɗe wannan ƙofa. A Ingila an yi wani mawaƙi, John Clare, ɗan ƙauye mai aikin gona, wanda aka haifa a 1793. Waƙoƙinsa na tsuntsaye ne da sheƙarsu, da gonaki, da aikin lebura. Da ciwo ya kama shi aka kai shi gidan masu taɓin hankali a 1837. A 1841 ya gudu, ya taka kusan kilomita 130 a ƙasa zuwa gida, har yunwa ta sa ya ci ciyawar bakin hanya. A ƙarshen shekarar aka kai shi wani asibitin a garin Northampton, inda ya zauna har ya rasu a 1864.

Bai daina rubutu ba. Wani ma'aikacin asibitin ya riƙa kwafe waƙoƙinsa yana adanawa, ɗaruruwa. Yau ana karanta su a makarantu. Ba don wannan ma'aikaci ya ɗauki mara lafiya a matsayin mai abin faɗa ba, da abin da ya rage na Clare a waɗannan shekaru shi ne suna a rajistar asibiti.

A Amurka kuma an yi Jane Kenyon, wadda ta rasu a 1995 tana da shekara 47. Ta yi fama da ciwon damuwa mafi yawan rayuwarta. Tana zaune a gidan gona, kuma abin da ke gabanta take rubutawa: karenta, shanya, karin kumallo, hasken yamma. A wata waƙarta ta jera sunayen magungunan da aka ɗora ta a kai ɗaya bayan ɗaya, kamar mai karanta jerin cefane. Masu irin ciwonta da yawa sun ga kansu a rubutunta, don ba ta yi wa ciwon kwalliya ba.

Kada a ce wannan ɗabi'ar Turawa ce. A shekarar da aka haifi Clare aka haifi Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Cikin abin da ta bari akwai marsiyyoyin da ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da mijinta Waziri Giɗaɗo, da aminiyarta A'isha. Malama ce da ba a shakkar iliminta ko tsoron Allahnta, amma ba ta ɓoye hawayenta da kaɗaicinta a waɗannan waƙoƙi ba. Baƙin cikin rashi daban, ciwon damuwa daban. Abin da nake nufi shi ne, faɗin abin da ke cikin zuciya a baiti ba baƙon abu ba ne a gidanmu. Muna da ƙofar, mun dai daina bi ta cikinta.

"Ina tawakkali? Ina rufin asiri?"

Na san abin da wasu masu karatu za su ce, kuma maganarsu abar saurare ce.

Na farko za su ce Musulmi ba ya kuka da ƙaddara, wanda ya riƙe zikiri ba ya shiga damuwa. Amma Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin Annabi Yaƙub (AS), wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da ɗansa, kuma bai fita daga sahun masu haƙuri ba. A tarihin Manzon Allah (SAW) akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki, wadda Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu a cikinta.

Malaman Musulunci ma ba su tsaya nan ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya rubuta littafin Masalihul Abdan wal Anfus a kan lafiyar jiki da ta rai. A ciki ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai ba dalili, ya hana shi kuzari da jin daɗin komai. Ya ce na biyun yana da tushe a jiki, kuma yana buƙatar magani. Ya yi magana a kan waswasi da tsoro da fushi. Fiye da shekara dubu ke nan. Wanda ya ce ciwon damuwa ƙirƙirar Bature ce, bai leƙa laburaren kakanninsa ba.

Addu'a da asibiti kuma ba kishiyoyi ba ne. Tun a 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen mutanen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ma ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Ya gane cewa mutum ya fi saurin samun sauƙi a cikin jama'a, cikin harshen da ya sani. Ƙanwata ba ta daina azkar ba ranar da ta fara shan magani.

Na biyu za su ce rufin asiri fa? Wannan ya fi nauyi, domin a garuruwanmu idan aka ce wani gida "akwai abin nan", har jikoki sai sun ji a jikinsu ranar neman aure. Ba zan ce wa kowa ya fito ya tallata ciwonsa ba. Al'adar mawaƙanmu ce su saka sunansu a baitin ƙarshe, amma ba farilla ba ce. Ana iya rubutawa a sakaya suna. Ana iya bai wa wani ya rera. Abin da ake buƙata ya fita shi ne yadda ciwon yake, ba sunan mai shi ba. Kuma wannan tsoron na neman aure, shirunmu ne ke ciyar da shi. Muddin hoton da ke kanmu shi ne na mai yawo a bola, kowane gida zai ci gaba da ɓoye nasa har ya yi tsanani.

Waƙa ba ta maye gurbin likita

A nan dole in ja wa kaina da 'yan'uwana marubuta birki, don kada zumuɗi ya kwashe mu.

Gaskiya ne rubutu na rage nauyin zuciya. A 1986 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, James Pennebaker, ya sa ɗalibai su riƙa rubuta abin da ya taɓa ƙona musu rai na minti 15 a kullum har kwana huɗu, kuma ya ga zuwansu asibitin makaranta ya ragu a watannin da suka biyo baya. Binciken da aka yi ta yi daga baya ya nuna amfanin yana nan, amma ɗan kaɗan ne, kuma ba kowa yake yi wa aiki ba.

Misalin Anne Sexton ya isa gargaɗi. Likitanta ne ya ba ta shawarar ta riƙa rubuta waƙa. Ta rubuta, ta shahara, har ta ci kyautar Pulitzer a 1967. A 1974 ta kashe kanta. Waƙa ta ba ta murya, amma ba ta warkar da ita ba. Baitocin ƙanwata ma ba su ne suka warkar da ita ba. Abin da suka yi shi ne sun sa an kai ta inda za a duba ta, da wuri.

Saboda haka akwai abubuwan da mai son shiga wannan fage ya kamata ya kiyaye. Kada ya ƙawata ciwo, ya riƙa nuna wa matasa cewa damuwa alamar basira ce, ko cewa kowane haziƙi sai da ɗan taɓi. Clare bai zama mawaƙi don ya yi ciwo ba, ciwon ma raba shi ya yi da iyalinsa fiye da shekara ashirin. Kada ya bayyana hanyar da wani ya bi ya halaka kansa, ko ya nuna hakan a matsayin hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana gargaɗin 'yan jarida a kan wannan, saboda mai rauni na iya kwaikwaya, kuma gargaɗin ya shafi mawaƙi. Kada ya ɗauki ciwon matarsa ko maƙwabcinsa ya kai TikTok ba da izininsu ba, ta yadda duk unguwa za ta gane da wa ake. Kada kuma ya ce wa mutane su zubar da magani.

Mai karatu kuma, idan irin waɗannan baitoci suka zo wayarka daga wani naka, kada ka yi irin kuskuren da na kusa yi. Ba gyaran amsa-amo ake nema a wurinka ba. Ka je ka gan shi. Idan ya kai mako biyu ba ya jin daɗin komai, barci da cin abinci sun rikice, ya janye daga mutane, a kai shi asibiti mafi kusa, su za su tura shi inda ya dace. Idan kuwa ya fara maganar gara ya mutu, ko mai jego ta fara ganin abin da ba a gani ko tana tsoron za ta cutar da jaririnta, wannan ba ya jiran gobe, kuma ba a barin su su kaɗai.

Abin da ya rage mana

A shekarun 1970 ƙungiyar Hikima Kulob ta Alhaji Mudi Sipikin tana karanta waƙoƙin mambobinta a rediyo a Kano, mutane na sauraro a shaguna da zaure. Yau abin ya fi sauƙi. Kowa na da rediyo da ɗab'i a aljihunsa. Matasa na taruwa a Kano da Kaduna da Zariya da Jos suna karanta waƙa a gaban jama'a, wasunsu ma sun fara taɓo wannan batu, sai dai galibi da Turanci. Gwaggona ba ta jin Turanci. Uwar mijin ƙanwata ma haka. Waɗanda ke yanke shawarar a kai mara lafiya asibiti ko a ɗaure shi a ɗaki, da Hausa suke tunani.

Kirana ga marubuta waƙoƙin Hausa shi ne su shiga wannan fage da irin idon da Ɗanmaraya ya kalli karen mota. Su zauna da masu jinya, su saurari waɗanda suka warke, su tambayi ma'aikatan jinya abin da suke gani. Su rubuta layin karɓar magani, da kuɗin mota, da ranar farko da mutum ya sake jin ɗanɗanon shayi. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin mun daɗe muna cewa wai mai wannan ciwo ba ya warkewa sai dai ya yi sauƙi, alhali da yawa suna warkewa su koma aikinsu, wasu kuma suna rayuwa lafiya da magani kamar mai hawan jini.

Gidajen rediyo da masu shirya gasar rubutu suna da ranaku biyu a shekara da za su iya haɗawa: 21 ga Maris, ranar waƙa ta duniya, da 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa. A sa gasa, a sa likita cikin alƙalai, a karanta waɗanda suka yi fice a shirin safe lokacin da mata ke aikin gida. Malaman Hausa a sakandare su ba ɗalibai damar rubuta abin da ke damunsu, su kuma san inda za su tura yaron da rubutunsa ya nuna yana cikin haɗari. Mawaƙan siyasa da na fim kuwa, su nemi wani zagin. Hausa ba ta rasa kalmomi ba.

Kwanakin baya ƙanwata ta sake turo mini saƙo, wannan karon da hantsi, kuma da sallama. Yaron ya fara tafiya. Ta ce ta ƙara baiti ɗaya a kan na da:

Yau na share tsakar gida har ƙofa,
Ba wanda ya tafa mini, ban damu ba.

Na kai wa Gwaggo na karanta mata. Ta ce in gaya mata ta ci gaba da shan maganinta har sai likita ya ce ta bari, kuma ta ci gaba da rubutun.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.